Tambaya da Amsa: Rarar Yanka ta Gefen Ɗauri, a Sa ko a Bari?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, kuma dukkansu wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: gefen shafi na ciki, inda ake ɗaure littafi. Na rage musu tsawo saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina tsara wani littafin horar da ma'aikata a manhajar tsara shafuka ta InDesign, girman A5, shafi 64, kuma na buɗe shi da shafuka masu kallon juna, hagu da dama. Kowane babi yana farawa da shafi mai launin shuɗi baki ɗaya. Maɗaba'a ta ce in ba su bilid na milimita 3 a kowane gefe, har da na ciki. Na rubuta 3 a duk akwatunan bilid huɗun da ke cikin manhajar. Da na fitar da PDF sai na ga kowane shafi ya ɗebo siririn yanki na maƙwabcinsa: farin shafi ya fito da shuɗin zare a gefe, shuɗin kuma ya fito da fari. Sau uku ina sake fitarwa, abu ɗaya nake gani. Manhajar ce ta lalace, ko ni ce na yi kuskure? (Daga wata mai karatu)

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Manhajarki lafiyarta ƙalau, abin da kika umarce ta shi ta yi. Sai dai akwai abu guda da ba ki faɗa mini ba, kuma a kansa amsar ta rataya: wane irin ɗauri za a yi wa littafin? Zan dawo kansa.

Bari in fara da waɗanda ba su san bilid ba. Ni na fi son in kira shi rarar yanka, don sunan ya fi faɗin aikinsa. Ba a buga littafi a takardar da ta yi daidai da girmansa. Ana bugawa a falle mai girma, sannan a kai injin yanka, wuƙa ta sauko kan tulin takarda ta sare shi gaba ɗaya. Komai ƙwarewar mai yankan, takarda tana ɗan zamewa, wuƙar takan kauce da rabin milimita ko milimita guda. Idan shuɗinki ya tsaya cak a kan layin yanka, wuƙa kuma ta kauce waje, farin zare zai bayyana a bakin shafin. Shi ya sa ake jan launi ko hoto ya zarce layin da milimita 3, ko inci 0.125 a wurin masu awo da inci, don in wuƙar ta kauce ta faɗa cikin shuɗi. Rarar nan asara ce da aka yi niyya, kwandon shara za ta.

To a sama da ƙasa da gefen waje babu matsala, domin bayan layin yanka fili ne fetal, kina iya jan hotonki yadda kika so. Amma dubi shafuka biyu da ke manne da juna a allonki. Ina shafin hagu zai samo milimita 3 ta gefen ciki? Babu fili a wurin, shafin dama ne zaune. Da kika ce wa manhaja ta ba ki milimita 3 bayan layin yanka na ciki, sai ta miƙa hannu ta ɗebo abin da ta tarar a wurin, wato milimita 3 na farko na shafin maƙwabci. Zaren da kike gani ke nan. In kin lura, shafi na 1 da na 64 ba su da wannan ciwon, domin su kaɗai suke tsaye, babu kowa a gefensu. Haka abin yake a Affinity Publisher da Scribus ma: muddin shafuka suna kallon juna, akwatunan rara sukan koma ciki da waje maimakon hagu da dama, kuma tambayar da za ki yi wa kanki ba ta canzawa.

Yanzu ga maganar ɗauri.

Idan ɗinkin tsakiya za a yi, wato a ninke falle biyu a soka waya a tsakiya kamar yadda ake yi wa ƙananan mujallu, to ba a yanka gefen ciki kwata-kwata, ninkewa ake yi. A maɗaba'a akwai manhajar jera shafuka, wadda ke ɗaukar shafukanki ɗaya-ɗaya ta zaunar da kowanne kusa da abokin bugunsa. A littafi mai shafi 16, shafi na 16 da na 1 ne a falle ɗaya, na 2 da na 15, haka har a kai na 8 da na 9 a tsakiya. Duk biyun da kika haɗa, lissafinsu 17 zai ba ki. Manhajar tana haɗa su baki da baki a kan layin ninki, ta datse duk wata rarar ciki. A nan zarenki ba zai taɓa ganin takarda ba, kuma in kin sa sifiri a akwatin ciki babu abin da kika rasa. Haka ma littafin da ake ɗinke ƙunshin fallayensa da zare kafin a sa masa bango mai tauri, shi ma ninki ne a ciki.

Idan ɗaurin gam ne, irin na yawancin littattafai masu bango mai laushi, ana tara fallayen a kankare bayansu da kamar milimita 2 zuwa 3 don gam ya samu wurin kamawa, sannan a manna bango. Maɗaba'u sun rabu a nan. Wasu suna son rarar ciki don ta cike wurin da za a kankare, wasu kuma sun fi son wurin ya zauna fari tas, saboda gam ya fi kama takardar da babu tawada a kanta. Ko wanne ne, zaren maƙwabci yakan ɓace a cikin ɗaurin, ido ba ya kai wa gare shi. Tambaya ɗaya ga maɗaba'a ta wayar tarho ta raba gardama.

Inda zaren nan yake cizo shi ne ɗaurin zobe, ko na waya mai murɗe ko na roba, da duk littafin da za a huda a sa a fayil mai ƙarfe. A nan kowane falle zaman kansa yake, ana yanka shi ta gefe huɗu, kuma littafin yana buɗewa shimfiɗe har ki ga bakin takardar na ciki ƙuru-ƙuru ta tsakanin zobban. Tunda littafin horarwa ne, kuma maɗaba'ar ta nace a kan gefen ciki, zuciyata ta fi ba ni irin wannan ɗaurin za su yi miki. In haka ne, rarar da kika ba su yanzu ta fi babu muni. Shuɗin shafi yana da farar rara, farin shafi yana da shuɗiya. Wuƙa na kaucewa kaɗan, duka biyun sun ɓaci.

Ni kaina da wannan aka yaye ni. Shekarun baya na tsara wani kundin kayayyaki mai ɗaurin zobe, shafin hagu baƙi wuluk da hoto, na dama fari da rubutu. Na ga zaren a PDF da idona, na ce ai rara ce, za a yanke. Aka yanke kuwa, amma ba duka ba. Kusan kowane farin shafi ya fito da baƙin gashi siriri a bakin huji, wani wurin kauri wani wurin sirantaka, kamar an ja shi da alƙalami mai tsiyaya. Mai yankan bai yi laifi ba, kaucewarsa ba ta wuce ƙa'ida ba. Ni na ba shi abin da zai tona mini asiri. Aka sake buga aikin, kuma tun daga ranar ba na buɗe sabon fayil sai na ji irin ɗaurin daga bakin wanda zai ɗaure.

Ga yadda za ki gyara naki. Da farko ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, ki bar na asali yadda yake, don abin da za mu yi yana da wuyar mayarwa. Buɗe allon shafuka, ki shiga ɗan jerin umarnin da ke kusurwarsa ta sama, ki cire alamar da ke gaban umarnin da aka rubuta “Allow Document Pages to Shuffle”. Wannan umarnin shi ke sa shafuka su riƙa matsawa suna cike gurbi da kansu, kuma muddin yana kunne ba za su yarda su rabu ba. Daga nan kama ɗan hoton shafin dama, ki ja shi dama kaɗan har ki ga wani layi a tsaye ya bayyana nesa da tagwayen shafukan, sai ki saki. Shafin zai sauko layinsa shi kaɗai, amma yana nan a matsayinsa na shafin dama: lambarsa tana inda take, tazarar gefensa ta ciki da ta waje ba su juya ba. Hannu yakan sha wuya a karon farko. In kin ga ya koma ya manne, ko ya tsallaka wani wuri, janye aikin ki sake, jan ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Da sun rabu, layin rara mai launin ja zai zagaye kowane shafi ta gefe huɗu. Sai ki kama shuɗin ki ja shi har kan jan layin ta gefen ciki. Wannan matakin ne mutane suke mantawa. Raba shafuka fili kawai yake buɗewa, ba ya jan hoto da kansa.

Kuma ba sai kin raba duka 64 ɗin ba. Inda fari yake kallon fari, rubutu zalla a hagu da dama, rarar da za a ɗebo fara ce, babu abin da za ta ɓata. Tagwayen da launi ko hoto ya taɓa tsakiyarsu kaɗai za ki bi, wato farkon kowane babi a naki littafin. Aikin minti goma ne, in babin ba su da yawa.

Wani zai ce miki ai da sauƙi, je ki “Document Setup” ki cire alamar shafuka masu kallon juna, kowa ya tsaya shi kaɗai. Yana aiki, amma ban cika ba da wannan shawarar ga littafin da aka riga aka gama ba. Tazarar ciki da waje za ta koma hagu da dama, kuma abubuwan da kika ɗora a uwar shafi (shafin samfuri da sauran shafuka ke kwaikwaya), irin su lamba da sunan babi, suna iya tashi daga inda kika ajiye su, ki wayi gari lambar shafin hagu ta koma bakin huji. In tun farko kin san ɗaurin zobe ne, to tun ran gini tun ran zane: buɗe fayil ɗin da shafuka ɗaiɗai, ki yi uwar shafi biyu, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, ki riƙa ɗora su bi da bi. Abin da za ki rasa shi ne ganin shafukan biyu gefe da gefe yayin aiki, kuma ba ƙaramin rashi ba ne ga mai son ganin yadda buɗin littafi zai zauna a ido. Shi ya sa ni nake tsarawa a manne, in raba a ƙarshe, bayan an gama duk gyaran rubutu. In kika raba da wuri sannan aka ce a ƙara shafi ɗaya a babi na biyu, shafukan ba za su matsa da kansu ba, sai kin bi su da hannu.

Wajen fitar da PDF, zaɓi shafi ɗaiɗai, kada ki zaɓi tagwaye. Jera shafuka aikin maɗaba'a ne, in kika haɗe musu sai sun sake rabawa. Ki tabbata kin sa alama a inda aka ce a yi amfani da rarar da ke cikin fayil. Ga hanyar dubawa da ba ta ƙarya: A5 milimita 148 ne a faɗi, 210 a tsawo. In babu alamomin yanka, wato 'yan layukan da ke nuna wa mai yanka inda zai sare, PDF mai rara ta gefe huɗu zai nuna 154 da 216. In kika ga 151 da 216, rarar ciki sifiri ce. In kuma za ki sa alamomin yanka, duba tazararsu daga layin yanka. InDesign yakan zo da ita a kan milimita 2.117, wadda ba ta kai 3 ba, ma'ana alamomin suna shiga cikin rarar. Mayar da ita 3 ko sama.

Abu na ƙarshe da ba ki tambaya ba amma zan faɗa: huji yana cin wuri. Ni ba na barin rubutu ya matso bakin ɗaurin zobe da ƙasa da milimita 12, in akwai tebur mai layuka ma nakan ba shi 15.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina haɗa littafin hotunana da za a yi wa ɗaurin gam. Akwai hotuna da na shimfiɗa su suka ratsa shafi biyu. Wani abokin aiki ya ce dole in raba shafukan in ba kowanne rarar ciki. Gaskiya ne? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Abokinka ya ji magana ne bai ji ƙarshenta ba. Hoton da ya ratsa shafi biyu shi ne wurin da manhaja take ba da rarar ciki ta gaskiya ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Milimita 3 da shafin hagu zai ɗebo daga na dama ai ci gaban hoton ne, daidai abin da ake so. In ka raba su ma ɓarna za ka yi, domin hoton zai bi shafi ɗaya ya bar ɗayan wayam, sai ka kwafe shi ka sake daidaitawa da hannu. Bar su a manne.

Damuwarka tana wani wuri. Littafin gam ba ya buɗewa shimfiɗe, tsakiyarsa tana haɗiye 'yan milimitoci daga kowane ɓangare, kuma iya kaurin littafi da taurin takarda iya abin da za ta haɗiye. Hoton daji ko na teku ba zai nuna ba. Amma ka sa fuskar mutum a tsakiya, sai a buɗe littafi a ga ido biyu sun matso juna hanci ya tafi. Na taɓa ganin hoton mutum a kan keke da tsakiyar littafi ta cinye sirdin, ya zama kamar a iska yake zaune. Matsar da hoton yadda abin da ido zai nema zai faɗa shafi ɗaya, ko da hakan zai sa ka datse wani gefen da kake so. Rubutu kuwa kada ya ratsa tsakiya ko kaɗan, in ya zama dole to ratar da ke tsakanin kalmomi biyu ta faɗa kan ninkin.

Akwai dabarar da ake yi ta maimaita siririn yanki na hoton a ɓangarorin biyu, a ɗan ture rabin hagu zuwa hagu, rabin dama zuwa dama, don abin da ɗauri zai haɗiye ya zama maimaici ne. Tana aiki, amma kada ka ƙiyasta adadin da ka. Masu ɗaurin ne suka san injinsu da gam ɗinsu, wasu ma su suke yin wannan turin a wajen jera shafuka. In kai ka yi su ma suka yi, hoton zai fito da abu biyu a tsakiya. Inda ya fi tsanani shi ne tsakanin cikin bango da shafin farko, da kuma shafin ƙarshe da cikin bangon baya, saboda a nan ana shafa gam har gefe don bango ya kama. Ni ba na ratsa hoto a waɗannan wurare biyu.

TAMBAYA: Malam, na ɗora littafina a KDP, dandalin wallafa littattafai na Amazon, girman inci 6 da 9, da rara ta kowane gefe kamar yadda na saba, sai aka dawo mini da shi wai girman shafi bai dace ba. Me na yi? (Daga wata mai karatu)

AMSA: 'Yar'uwa, rarar ciki ce ta jawo miki. Su ƙa'idarsu gefe uku ne: inci 0.125 a sama, a ƙasa, da gefen waje, babu komai a gefen ɗauri. Don haka shafin littafi mai inci 6 da 9 ya kamata ya fito 6.125 a faɗi, 9.25 a tsawo. Naki ya fito 6.25 a faɗi, shi ne injinsu ya ƙi karɓa.

Koma inda ake saita rara. Kusa da akwatuna huɗun akwai ɗan hoton sarƙa, wanda in yana ɗaure duk abin da kika rubuta a akwati ɗaya zai bazu sauran. Danna shi ya tsinke, ki sa sifiri a akwatin “Inside”, ki bar sauran ukun. Tunda shafukanki masu kallon juna ne, manhaja ta san cewa waje a shafin dama yana dama, a shafin hagu kuma yana hagu, za ta juya rarar da kanta. Fitar da shi shafi ɗaiɗai, kuma kada ki sa alamomin yanka, ba sa so. Ki duba tazarar gefen ɗauri ma kafin ki sake ɗorawa, don ita ma sukan mayar da littafi a kanta: daga shafi 24 zuwa 150 suna neman aƙalla inci 0.375, daga 151 zuwa 300 kuma rabin inci, tana ƙaruwa yadda littafi yake ƙara kauri.